Kwana Uku a Ajin Jikata a Jidda

Mun tashi da asuba daga Kurna, ni da abokan tafiya biyu. Ana idar da salla muka shiga motar maƙwabci zuwa filin jirgi, don an ja mana kunne cewa ƙarfe tara jirgi zai tashi. Bai tashi ba sai bayan azahar. Duk wanda ya taɓa zuwa umara daga Kano ya san wannan ba labari ba ne, saboda haka muka baje a ƙasa, ɗaya daga cikinmu ya kwance ƙullin dambun naman da uwargidansa ta haɗa masa na mako biyu. Kafin a kira mu mun ga ƙarshensa.

Su umara kaɗai ta fitar da su. Ni ina da buƙata ta biyu, wadda ban faɗa musu ba sai da jirgi ya daidaita a sama.

Shekara goma sha bakwai rabona da Jidda. Na shige ta ina saurayi da sunan aikin hajji, na zauna shekara goma sha biyar ina ɗinki a wani shago a Bagdadiyya. A can na yi aure, aka haifa mini Najatu da ƙanenta Nasiru. Da uwarsu ta rasu na tattara na dawo gida da namijin, macen na bar ta a Nuzla wurin kakarta. Najatu ta girma ta auri wani direba mutumin Zanzibar, suka haifi Huda, shekararta tara yanzu. A bana kafilin mijin, uban gidan da ya tsaya masa, ya rufe kamfaninsa, iƙamarsu, wato takardar zama, za ta ƙare bayan ƙaramar salla, za su koma Zanzibar gaba ɗaya. A can da Suwahili ake karatun firamare, Huda kuwa ba ta jin komai sai Larabci. An sanar da uban cewa za a gwada ta. In ta ji, ta shiga aji huɗu da tsararrakinta. In ba ta ji ba, a mayar da ita aji ɗaya cikin 'yan shekara shida.

Da Najatu ta gaya mini a waya cewa sun sa yarinyar a wani ajin koyon Suwahili na mako takwas, a raina na ce an cinye musu kuɗi. Ni da na yi shekara uku a Jidda kafin in iya ciniki da Larabci ba a cuce ni ba. Sai na ƙudura cewa zan roƙi iyayen su ba ni Huda in kawo ta Kano, ta zauna wurin iyalina, in sa ta makarantar da ake karatu da Larabci. Har katifa na sa aka saya.

Da muka sauka, ana buɗe ƙofar jirgi iskar nan ta Jidda mai ɗumi da danshi ta lulluɓe ni kamar an jiƙa bargo da ruwan zafi. Abokan tafiyata suna ta fifita da fasfo, ni kuwa sai na ji kamar na shiga ɗakin uwata. Muka wuce Makka a bas, muka yi umara, Allah ya karɓa. Gwiwa ta ba ni wuya tsakanin Safa da Marwa, aka ce keken turawa riyal hamsin, na ce gwiwar ta haƙura. Kwana huɗu muka yi, su suka wuce Madina, ni na nemi motar Jidda.

Riyal goma sha biyar na biya a motar da ake cika ta da mutum huɗu. A zamaninmu biyar ne. Titin ya yi faɗi, duwatsun nan baƙaƙe suna nan yadda na bar su, da raƙuma jefi-jefi a gindinsu. Jidda ce ban gane ba. Direban ya bi da mu ta wata unguwa, Safa, don ya sauke wani, na ga benaye jere, manyan kantuna, makarantu, motoci a kowace ƙofa. Na ce masa nan ai fili ne da muke zuwa harbin tsuntsu. Ya dube ni ta madubi kamar mai kallon wanda ya taso daga kabari.

Nuzla kuwa ba ta canja ba sai dai ƙarin mutane. Lungunan nan ƙanana, ruwan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗiga a kan mai wucewa, tankar ruwa ta toshe hanya ana ta yi mata hon. Matanmu suna zaune a bakin baƙala, kantin unguwa, da gyaɗa da kuka da daddawa, mai tsire yana hura gawayi a kusurwa, Larabawa sun yi layi suna jira. Na ji wata tana cewa, “Yalla, halas, ba ni canjina in tafi,” na ce lalle na iso.

Najatu ce ta buɗe mini ƙofa. Na bar ta tana shekara goma sha uku, na tarar da ita kamar uwarta ce tsaye. Ba zan tsawaita a nan ba. Mun daɗe a bakin ƙofar, har mijin ya zo ya karɓi jakata.

Ina zama sai ga Huda, siririya, idanu kamar na Nasiru. Ta matso ta ce wata kalma, shikamo, ta miƙa hannu ta dafa mini kai har hulata ta karkace. Uban ya yi sauri ya bayyana mini cewa a wurinsu haka ƙaramin yaro yake gaida babba, a ajin aka koya musu, ni kuma in ce marhaba. Na gyara hula na ce mata da Larabci, “Amarya, ko sadaki ban biya ba har kin fara cire mini hula?”

Ta ce, “Sidi,” wato kaka, “ni ba zan auri wanda haƙoransa suka tafi suka bar shi ba.”

Da Larabci muka yi wannan wasan, domin ba ta da Hausa ko ta gaisuwa. Uwarta ma tana ji ne, amsawa sai da ƙyar. Aikina ne. Lokacin da suke ƙanana na hana Hausa a gidana, ina ganin in bakinsu ya zama na 'yan ƙasa ba wanda zai tare su a hanya ya tambayi takarda.

Bayan magariba aka kawo ful, dafaffen wakensu, da tamis mai zafi daga wurin Afganawan bakin layi, burodin riyal ɗaya har yanzu. Da muka ci na gabatar da buƙatata. Surukin nawa mutum ne mai kunya, ya sunkuyar da kai ya kira ni Ammi, wato baffa, ya ce, “Ka je ka ga ajin tukuna. In ka gani ka ce har yanzu a ba ka ita, sai mu zauna mu yi magana.” Najatu tana kwashe kwanuka. Ba ta dube ni ba, ta ce da Hausarta mai nauyi, “Baba, yadda ka kai Nasiru?” Ta shige kicin. Na ce Allah ya kai mu gobe.

Da safe ni da Huda da uwarta muka hau ƙaramar bas ta riyal biyu zuwa Bagdadiyya. Na sa muka tsaya a ƙofar tsohon shagonmu. Waya ake sayarwa a ciki, yaron shagon ya ce bai taɓa jin an yi ɗinki a wurin ba. Ajin yana hawa na uku a wani tsohon bene, babu na'urar hawa, gwiwa ta sake tuna mini da kanta.

Malamar mace ce da ta haura hamsin, ta koyar a firamare a Zanzibar kafin ta biyo mijinta Jidda. A bakin ƙofa ta tare ni, ta gaishe ni da Larabci mai kyau, ta faɗa mini ƙa'idarta. Takalmi da Larabci a waje ake barin su. Baƙo ba shi da kujera, a tabarma zai zauna cikin yara, kuma yaron da ya kawo shi shi ne bakinsa. Ta ce iyaye da yawa sun so su zauna a gefe su yi kallo, ta ƙi, domin da yaro ya ga fuskar da zai yi wa Larabci, shi ke nan ranar ta lalace. Na ce ai ni tsoho ne. Ta ce, “Ya Hajji, tabarmar tana da laushi.”

Yara goma sha ɗaya ne, daga mai shekara shida zuwa mai goma sha biyu, duk 'ya'yan mutanen ƙasashen Suwahili da aka haifa a Jidda. Daga ƙarfe bakwai har kiran azahar, Asabar zuwa Laraba, kuma na same su a mako na shida. Na zaci allo zan gani da maimaita kalmomi. Sai na ga sun yi layi kamar a filin makaranta, an kira suna, kowa ya amsa. An yi share-share ana faɗin sunan tsintsiya da bokiti. An baje tumatir da albasa a ƙofar kicin, wasu suna sayarwa wasu suna saye da kuɗin takarda, har da rigimar canji, malamar tana tsaye ba ta raba su sai wanda Larabci ya kuɓuce masa. An yi lissafi da baki. An yi rubutu, a nan na ga Huda tana fama, don hannunta ya saba farawa daga dama, wani lokaci ta buɗe littafin ta baya. Da hantsi aka kawo shayi mai kayan ƙamshi da wani abu kamar fanke mai kwakwa.

Ranar farko daɗi na ji. Ina tsintar kalmomin da suka yi kama da Larabci, littafi, alƙalami, sabulu, ina gyaɗa kai kamar wani shehi. Na koma gida na ce wa surukina wasa ne mai kyau, amma wasa ne.

Rana ta biyu na sha shayin nan kofi biyu. Ina da ciwon suga, masu irinsa sun san abin da ke biyo baya. Ba a jima ba fitsari ya matsa mini. Ƙofofi uku ne a falon, duk a rufe, gidan mutane ne, matar wani ce a tsaye, ba zan tashi in kama buɗe ɗakuna ba. Na buɗe baki zan yi Larabci, kalma ɗaya ta fita, yara suka juyo gaba ɗaya suna kaɗa mini yatsa. Malamar ta ci gaba da abin da take yi. Huda tana can ƙofar kicin ta ba ni baya tana sayar da albasa. Na gyara zama. Na sake gyara zama. Mukayyif yana aiki, ni gumi yana bin bayana. Ina da harshe biyu a bakina, ga furfura, amma na rasa yadda zan nemi abin da ɗan shekara uku yake nema. Na fara lissafin benen nan hawa uku, na san ba zan kai ƙasa ba.

Allah ya sa Huda ta waiwayo. Kallo ɗaya ta yi mini ta ajiye albasa ta zo ta durƙusa, ta raɗa mini wasu kalmomi uku a kunne. Ta sa na maimaita, na ɓata, ta sake faɗa. Sannan ta kama hannuna ta ɗaga sama. Malamar ta dube ni, na ce, “Naomba kwenda msalani.” Ta amsa kamar yadda take amsa wa kowa, ta nuna ƙofar tsakiya. Ba yaron da ya yi dariya.

Na daɗe a bayin nan fiye da buƙatata. Nasiru yana da shekara goma na sauke shi a Kano. Mako ɗaya da isowarmu na kai shi firamare, ba Hausa sai zo da tafi, ba Turanci ko ɗaya. Wani ɗan'uwana ya ce in bar shi ya yi wata biyu cikin yaran gida tukuna, na ce yaro ne, zai tsinta. A kwana na uku ya dawo da wando a jiƙe. Ban tambaye shi komai ba. Na ce ƙato da shi ya kunyata ni a unguwa, na zare bel. Daga nan yara suka sa masa suna, ya fara laɓewa a kango har a tashi, bayan shekara na cire shi na kai shi gareji. Yau makaniki ne mai rufin asiri, Hausa kuwa ta fi tawa, amma takarda sai an karanta masa. Shekara goma sha bakwai ina gaya wa mutane cewa yaron ba shi da kan boko.

Da aka tashi na jira malamar a matakala, inda Larabci ya halatta. Na tambaye ta kalmomin nan uku. Ta ce su ne darasin farko na ranar farko, kafin gaisuwa ma. Bayansu sai ban gane ba a maimaita, sai ba ni da lafiya, sai wane ya doke ni. Na ce to yanzu tsakani da Allah, mako takwas zai ba yaro harshe?

Ta ce, “Ba zai ba shi ba, ya Hajji. Wanda ya ce maka zai ba shi, kuɗinka yake so. Ni abin da nake yi, in yaro ya shiga aji a can ya iya neman abin da yake buƙata, ya iya kare kansa, ya gane abin da malami ya ce a yi. Sauran, yaran filin wasa sun fi ni iya koyar da shi.”

Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce akwai wa da ƙane a ajin da har yanzu suna inda suka fara, domin in sun koma gida ba mai amsa musu. Huda kuwa ubanta ya daina yi mata Larabci tun ranar da ta fara, ko ruwa take so sai ta nema da Suwahili. Bakinta ya yi gaba, hannunta yana baya. Aji huɗu, ta ce, ba za ta yi mini alkawarinsa ba.

Rana ta uku ba wanda ya ce in je, ni na riga su sa takalmi, shayi kuma rabin kofi na sha. Laraba ce, ranar da malamar take sa kowane yaro ya kira wani nasa a gida, a buɗe muryar wayar kowa ya ji. Aka kira kakar Huda ta wajen uba, tsohuwar da shekara tara ba abin da ke shiga tsakaninta da jikarta sai sallama. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga Huda ta fara a hankali tana kallon silin, ta kakare, ta nemi a maimaita, tsohuwar ta maimaita. Can sai murya ta ɗaga, Huda ta riƙe ƙugu, tsohuwar tana ta ƙyaƙyatawa. Daga baya na tambaya, ashe musu suke yi a kan wanda zai kwana kusa da taga. Kishi ya ɗan taɓa ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma na san wannan yarinyar ta riga ta kama hanyar gidansu, in na ɗauke ta zuwa Kano sabon jefawa zan yi mata cikin wani harshen da ba ta ji, don in huce abin da ke damuna ni.

Ranar Alhamis da la'asar surukina ya kai mu bakin teku. Muka shimfiɗa darduma, aka sayo soyayyar kaza da tafarnuwa, riyal goma sha biyu kwali, Huda tana jefa wa kyanwoyi ƙashi. A nan na ce masa na janye maganata, Allah ya sa albarka a tafiyarsu. Ya kama hannuna da hannu biyu. Sannan na juya na gaya wa Najatu labarin wandon da bel ɗin. Ta ce ta sani, Nasiru ya faɗa mata tun tuni. Ta danna lambarsa ta miƙo mini wayar ba tare da ta tambaye ni ba.

Ina jin ƙarar guduma a bayansa. Na ce, “Nasiru, ranar nan da ka dawo daga makaranta, ban tambaye ka ba. Ka yafe mini.”

Ya ce, “Haba Baba, ai ya wuce. Ka dai taho mini da dabino mai laushi, ba irin na bara da aka kawo ba.” Na ce to. Kati yana ta tafiya. Sai ya ce, “Ban san yadda ake cewa ba ne, Baba. Na ɗaga hannu, malamin ya yi magana, ban gane ba.”

Na ce na sani yanzu.

Kwana biyu bayan nan na haɗu da abokan tafiyata a filin jirgi, kowanne da jaka uku da jarkar zamzam, suna rigima da mai awo a kan bargo. Suka ce ina amaryar? Na ce ta ƙi ni. Mun sauka Kano ana yayyafi, garin ya yi kore, katifar da na saya na ba wa 'yar maƙwabci.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne, ba zan ce kowane irin wannan aji yana aiki ba, na ga waɗanda bai yi wa ba a tabarma ɗaya da jikata. Abin da na gani shi ne mako takwas na safe zuwa azahar, da malama mai gaskiya, da uban da ya yarda ya wahala a gida, sun isa su hana yaro zama kurma a cikin mutane. 'Yan'uwana da ke Nuzla da sauran unguwanni, masu shirin turo yara gida, kada ku ce yaro ne zai tsinta. Zai tsinta, amma ku tambayi abin da zai zubar kafin nan. Malamar nan ban san ko zan sake ganin ta ba, ina sa ta a addu'a tare da iyayena.

Na jinkirta rubuta wannan sai da na ji yadda aka yi. Jiya da hantsi suka kira daga Zanzibar. An gwada Huda, an sa ta aji uku. Magana ta wuce, rubutu ne ya rage mata shekara ɗaya. Ita ce ta karɓi wayar tana mita, wai ta fi kowa tsawo a ajin, wai malamin lissafi yana da sanda. Ina cikin lallashinta na ji yara suna kiran sunanta daga waje. Ta ce, “Sidi, ana jira na,” ta ajiye wayar ba ta kashe ba. Na riƙe tawa a kunne ina sauraron hayaniyarsu a tsakar gida, ina neman muryarta a ciki. Har kuɗin wayarsu ya ƙare ban iya ware ta ba.